Mai Gardama a Kwalin Ashana

A bangon falon Uwar Duwatsu, sama da talabijin, akwai firam guda biyu. Na dama yana ɗauke da shafi ɗaya daga wata mujallar masana ma'adinai, da harshen waje, rubutun ƙanana kamar jerin tururuwa. Na hagu tsohuwar takarda ce da aka buga da tafireta, ta yi jaja-jaja don daɗewa, an ja wani karkataccen layi da biro a kan jimla ɗaya. Baƙo kan fara kallon na dama, don shi ne mai ƙyalli. Ita kuwa na hagun take gogewa kowace safiya da gefen zanenta.

Mijinta tela ne, kuma shi ya naɗa kansa mai yi wa baƙi bayani ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Kafin ka gama gaisuwa ya miƙe ya ɗora yatsa a kan wata kalma da aka buga da baƙin rubutu.

"Ka ga wannan? Gardamayit. Sunan wani ma'adini ne. Duk duniya in aka tattara abin da aka samu nasa, ba zai cika cokalin shayi ba. Matata ce ta sa masa suna."

"Malam, ka bar mutum ya sha ruwa," in ji ta daga kicin. "Kuma ba ni na sa masa ba, da halinsa ya zo."

Gaskiyarta ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Ubanta mai washin wuƙa ne da almakashi. Yana da keken washi irin na takawa da ƙafa, a kusurwar titi kusa da inda motocin haya ke tsayawa, kuma shekara arba'in bai sake wuri ba. Tun tana ƙarama take zama gefensa tana zuba wa dutsen ruwa da gwangwani. Abin da ta lura da shi shi ne ba ya kallon wuƙa in yana wasa ta. Titi yake kallo, yana amsa gaisuwa, kunnensa na kan ƙarar ƙarfe, sannan ya shafa bakin da babban yatsa ya miƙa wa mai ita. Yakan ce mata ido yana da son kai, abin da ya ga dama yake gani, amma yatsa bai iya ƙarya ba. Bai bar mata gida ba, bai bar mata gona ba, wannan maganar ya bar mata, da yatsu masu ji.

Tana da shekara ashirin da biyar ta samu aikin shara a jami'a, a sashen nazarin duwatsu. Can ƙasan ginin akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, kullum a jiƙe, yana warin gam da laka. A nan wani tsoho da ake kira Baba Zarto yake aikin da duk sashen ya dogara da shi, ko da yake ba wanda ke tunawa da shi sai in aiki ya makara. Malamai da ɗalibai sukan kawo duwatsu daga daji. Shi zai yanko ɓalli da zarton inji, ya manna shi da gam a jikin ɗan gilashi mai tsawon yatsa, sannan ya yi ta goga shi a kan faffaɗan gilashi da ruwa da baƙin garin washi, har dutsen ya fi gashin kai siranta, haske ya riƙa ratsa shi. Sai an kai nan ne ake sa shi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma a ga abin da ke cikinsa. In ka tsaya da wuri, duhu za a gani. In ka wuce da goga ɗaya, dutsen ya tafi, sai gilashi tsirara.

Wata rana tana goge ƙasa a bayansa, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Baba, wannan ya kusa cinyewa."

Ya ɗaga ya duba, ya ga haka ne. Ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, ta ce ƙarar ce ta sauya. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya ture kujerarsa gefe ya ce ta ajiye tsumma ta wanke hannu. Hannunsa ya riga ya fara rawa, kuma ya gaji da koya wa masu takardar shaida da ba sa son laka ta taɓa su. Bayan shekara biyu da kwas na wata tara, ɗakin ya zama nata.

Sunan Uwar Duwatsu kuwa ɗalibai ne suka liƙa mata, saboda wata ɗabi'a tata. Duk dutsen da aka yanka yana barin saura, kuma abin da aka saba shi ne a zubar da saurar in mai aikin ya gama. Ita ba ta zubarwa. Takan shafa farin fenti a gefe, ta rubuta lamba, ta sa a gwangwanin madara ta jera a kan kantocin sitor ɗin da ke manne da ɗakinta. Sannan ta tare direban sashen a bakin famfo ta tambaye shi daga ina aka ɗauko. Malamai lamba kawai suke rubutawa a jikin jaka, sauran bayanin yana cikin littattafansu, littattafan kuma suna bin masu su in sun bar aiki. Direba kuwa zai ce mata bayan gada kaza, hagu da rijiya, inda taya ta fashe mana. Haka take rubutawa a wani littafi mai baƙin bango da ba ya barin jakarta. In aka yi mata dariya takan ce dutsen da bai san garinsu ba tsakuwa ne.

Tana shekara ta goma sha shida a wurin abin ya faru. Shugaban sashen a lokacin wani Farfesa ne, dogo, mai farar riga da ba a taɓa ganin ɗigon laka a jikinta ba. Masani ne na gaske, wannan ba wanda ya musa, shi ma kuma bai taɓa mantawa ba. Ya kawo wani dutse ruwan toka, girman dunƙulen hannu, daga wani tsohon wurin fasa duwatsu. Ta yanka, ta manna, ta fara gogawa. Dutse in yana bin washi, ƙararsa shuu take, lami lafiya. Wannan yana cikin shuu ɗinsa sai ya yi ƙii, ta ji abin har cikin haƙoranta. Ta wanke gilashin ta ga an ja masa layi mai zurfi. Da ta leƙa madubi sai ga wasu ƙwayoyi huɗu, ƙanana, shuɗaye kamar bula, sun yi tsaye sun ƙi cinyewa alhali duk abin da ke kewaye da su ya lafa.

Ta hau bene da murnarta ta kai wa Farfesa. Bai kai minti ɗaya yana leƙawa ba.

"Garin washinki ne ya maƙale a ciki," ya ce. "Ba ki wanke da kyau ba."

"Ranka ya daɗe, garina baƙi ne, kuma shekara goma sha shida muna tare da shi. Na san muryarsa."

"Je ki sake."

Ta sake. Ta ɗauko sabon gilashi daga kwali, ta wanke komai har hannunta ya yi fari, ta yanko ta wani gefen. Ƙii. Ta sake na uku, ta sake na huɗu, kowane daga gefe daban. A karo na huɗu ta hau da gilashin gogawar kansa da kofin ruwa, ta ajiye a gefen teburinsa.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka yarda da ni ba. Ka sa hannu ka goga sau ɗaya, ka ji."

Ya janye takardunsa don kada ruwa ya taɓa su. "Yarinya, ilimi da ido ake yinsa da na'ura, ba da shafe-shafe ba. Ɗauke min wannan."

Tana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, da 'ya'ya uku. Ba "yarinya" ɗin ce ta fi yi mata ciwo ba. A rahoton da ya rubuta kan duwatsun wannan wuri, ya sa jimla ɗaya: an gurɓata samfurin wajen gyarawa saboda sakacin ma'aikaciya. Aka sa kwafi a fayil ɗinta. Ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta, ta haɗiye wannan. Amma kalmar sakaci ta ƙi haɗiyuwa. Matar da ke wanke gilashi sau uku kafin ta ci abincin rana, 'yar mutumin da bai taɓa mayar wa kowa wuƙa da dakushi ba, ita aka rubuta wa sakaci da tafireta. Ta yi kuka a ɗakin ƙasa, inji na aiki don kada a ji.

Da ta share hawaye sai ta ɓantaro ɗan guntu kamar ƙwayar wake, ta sa a kwalin ashana, ta rubuta a bayansa "mai gardama," ta jefa a durowa. Uwar dutsen kuma ta sa a gwangwani ta ɗora a kan kantar sitor. Abu ɗaya take so daga ranar: wani mai takarda ya tabbatar da cewa yatsanta bai yi ƙarya ba.

Shekara goma sha tara tana nema. Farfesa ya yi ritaya, wasu suka zo suka tafi. Duk sabon malamin da ya sauko ɗakinta sai ta buɗe durowa ta nuna masa. Su leƙa, su yi murmushin ladabi, su ce za su duba in sun samu lokaci. Wa zai ƙaryata rahoton Farfesa a kan maganar mai gogar gilashi? Har abin ya zama abin tsokana, tsofaffin ɗalibai suna gaya wa sababbi cewa in Mama ta buɗe durowar hagu su nemi hanyar fita. A gida ma ba ta tsira ba.

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa," in ji tela, allura a bakinsa. "To ke dai ga dutse, ga haƙuri, romon ne har yau ba mu gani ba."

"Ka ci gaba da riƙe kwanonka, Malam."

Wadda ta kawo canji wata tsohuwar ɗaliba ce. Tana aji biyu zarto ya taɓa yankar mata yatsa, Uwar Duwatsu ta ɗaure mata shi ta ba ta shayi har ta daina kuka. Ta tafi ƙasar waje ta yi karatu mai zurfi, ta dawo kowa na ce mata Dakta, amma ranar farko ɗakin ƙasa ta fara sauka ta durƙusa ta gaishe ta. Da aka buɗe durowar hagu, ba ta yi murmushin ladabi ba. Ta naɗe hannun rigarta ta goga. Ta tsaya, ta sake gogawa.

"Mama, wannan ba gari ba ne."

Uwar Duwatsu ta nemi kujera ta zauna.

Dakta ta aika guntun cikin kwalin ashana zuwa wani ɗakin bincike a ƙasar waje, inda take da abokan aiki masu na'urar da ke iya faɗar abin da aka gina ƙwaya da shi. Saura wata huɗu Uwar Duwatsu ta yi ritaya. A daidai lokacin ne sabon shugaban sashe, matashi mai sauri da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ya leƙa sitor ya ga gwangwanaye sun fi dubu biyu, ya ce a kwashe, kwamfuta za a sa a ɗakin. Ba mugu ba ne, ɗaki yake nema. Ta roƙe shi ya jira sakamako, ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen zango. Tela ya ce ta sako gwangwanin a jaka ta kawo gida a huta. Ta ƙi. Kayan jami'a ne, kuma wadda aka rubuta wa sakaci ba za ta ba da ƙofar da za a ƙara mata da sata ba.

Ana haka 'yarta ta fari ta haihu a wani gari, ta ɗauki hutun mako guda. Rana ta biyar tana shanya kayan jariri wayar Dakta ta shigo.

"Mama, sakamako ya zo. Sun duba duk jerin ma'adinan da aka sani, babu shi. Sabo ne."

Tana cikin hamdala sai Dakta ta ci gaba.

"Amma akwai sharaɗi. Guntun da muka aika ya ƙare wajen gwaji. Kwamitin duniya da ke amincewa da sabon ma'adini ba ya karɓa sai an ajiye asalin dutsen a gidan adana kayan tarihi, kuma an faɗi ainihin inda aka samo shi. In babu waɗannan, magana ce kawai."

Uwar Duwatsu ta ce, "Yana sitor, kan kanta ta uku, layin sama. Gobe ina hanya."

Da ta iso ta tarar da ƙofar sitor a buɗe, ana fenti. Kantoci wayam. Masu kawo kwamfuta sun zo da wuri, shugaban sashe bai ga dalilin jira ba, Dakta kuma tana ajin koyarwa a wani gini lokacin da aka kwashe. Gwangwanayen an ba masu gwangwan. Duwatsun kuwa, wani lebura ya gaya mata da fara'arsa cewa ba a yi asararsu ba, an cike babban ramin nan da su, na hanyar bayan wurin ajiye motoci, wanda ya daɗe yana cin tayoyin malamai. Kwana uku ke nan motoci na bi ta kai, an kuma yi ruwa sau biyu.

Ba ta hau bene ta yi faɗa ba, ko da yake ta iya faɗa. Ta sauka ɗakinta ta ɗauko gilashin gogawa, da bokiti, da robar garin washi, ta nufi ramin. Aikin shekara talatin da biyar ne a kwance cikin jar laka, fentin lambobi duk taya ta kankare. Ta ɗaure zane, ta tuɓe takalmi, ta shiga.

Dabararta mai sauƙi ce, wahala ce da ita. Ta zaro dutse, ta wanke a bokiti, in ba ruwan toka ba ne ta ajiye dama. In ruwan toka ne ta nemi gefen da zarto ya bi, ta goga a gilashi, ta saurara. Shuu, ta ajiye hagu. Ta zaro wani. Motar farko da ta zo ta yi ta danna oda, Uwar Duwatsu ko ɗaga kai ba ta yi ba, sai mai motar ne ya gaji ya juya. Kafin azahar labari ya kai shagon tela, sai ga shi da lema da kujerar roba. Kujerar shi ya zauna a kai, lemar ya riƙe mata.

"Allura cikin ruwa, mai rabo kan ɗauka," ya ce. "Ni da na san allura na gaya miki."

"Riƙe lemar daidai, rana na dukan wuyana."

A rana ta biyu shugaban sashe ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ramin ya ga aikin da ake yi. Ya sa aka tare hanyar da benci biyu, sannan ya tuɓe takalmin nan mai ƙwas-ƙwas ya karɓi aikin ɗebo ruwa. Dakta tana wankewa, direban sashen, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, yana tonowa da shebur. Gogawa dai ba wanda ta bari ya taɓa. Yatsunta suka tsage, gwiwoyinta suka kumbura, ta kwana tana jin shuu a kunnenta. Da safe tela ya ce ta bari haka, lafiyarta ta fi dutse. Ta ce masa in ta bari yau, jimlar nan za ta bi ta har kabari. Sai ya ɗauki lema.

Ta sa rai za ta gane shi da gani, don dutse ɗaya ne ta taɓa yanka ta gefe huɗu. Ashe taya ta fasa shi. Da hantsin rana ta uku ta ɗauko wani ɓari mai gefe ɗaya, wanda bai fi rabin sabulu ba, ba ta ko sa masa rai ba. Ta ɗora a gilashi ta tura.

Ƙii.

Ta rufe ido ta sake turawa. Sannan ta wanke shi a hankali kamar yadda ta wanke jikanta kwana shida da suka wuce, ta miƙa wa Dakta, ta ce wa mijinta ya tashi ya ba ta kujerar.

Sharaɗi na biyu bai ba da wahala ba. Littattafan Farfesa na daji sun daɗe da ɓacewa, rahotonsa kuma sunan yanki kawai ya ambata, yankin da ke da ramuka fiye da talatin. Ta buɗe littafinta mai baƙin bango ta karanta abin da direba ya gaya mata shekara goma sha tara baya: bayan gadar jirgin ƙasa, rami na biyu a hagu, ƙarƙashin dutsen da ya yi kama da raƙumi a durƙushe. Dakta da direban suka je suka tarar da raƙumin yana nan a durƙushe.

Saura suna, don ba a aika wa kwamiti takarda sai da sunan da ake so. Aka kira taron malamai, kuma karo na farko a rayuwarta aka ajiye wa Uwar Duwatsu kujera a ɗakin taron da ta fara sani da tsintsiya. Dakta ta yi mata bayani a gaban kowa. Sunan ma'adini yakan fito daga sunan mutumin da ake son girmamawa, ko wurin da aka samo shi, ko launinsa ko wani halinsa, sannan a liƙa masa 'yar wutsiyar nan ta "ayit" da masana suka saba sawa. In kuma an amince da suna, shi ke nan, da shi za a kira shi a kowane littafi da kowane harshe. Wani malami ya ce a sa sunan Farfesa, tunda shi ya ɗauko dutsen. Dakta ta ce sunan Mama ya kamata, kuma shugaban sashe, wanda har yanzu kunya ba ta sake shi ba, ya goyi bayanta. Aka juyo ana kallonta.

"Na gode, 'ya'yana," ta ce. "Amma in kuka sa sunana, wanda ya karanta zai ce wata tsohuwa ce aka yi wa kara. Ba zai san me ya faru ba. Kuma ba a sake wa babba suna. Wannan dutse shekararsa goma sha tara yana amsa nasa."

Ta buɗe jaka ta ajiye kwalin ashanar a tsakiyar tebur, babu komai a ciki, rubutun biro ya dusashe amma yana karantuwa. Malamin da ya kawo sunan Farfesa ya ɗauka ya karanta, ya yi dariya, ya ce shi dai ya janye.

Amsar kwamiti ta ɗauki shekara ɗaya da rabi, ta same ta a gida ta riga ta yi ritaya. Dakta ta kawo mujallar da kanta ta fassara mata sakin layin da ke bayanin suna. An ce gardamayit ya samo asali daga kalmar gardama, wato ƙin yarda da ƙin bin abin da aka ce, saboda ƙwayoyinsa suna ƙin cinyewa wajen washi. An ce kalmar an ɗauko ta daga rubutun da ma'aikaciyar da ta fara gane shi ta yi a kan kwalinsa, wadda ta adana samfurin shekara goma sha tara. Ta sa aka maimaita mata sau uku. Ta ji daɗi ƙwarai, ta kuma faɗa, ta ce da ubanta na da rai da ya rufe keken washinsa ranar ya zagaya titi yana ba da labari. Dakta ta ce yanzu haka akwai mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin Hausa ba suna karya harshe wajen faɗar gardama. Tela ya ce ai shi ya fi su daɗewa yana fama da ita.

Amma da baƙi suka watse sai ta ɗauko fayil ɗin da aka ba ta ranar sallama. Takardar tafiretar tana ciki, jimlar tana nan yadda take. Mujalla ta faɗi tata, ba ta goge waccan ba.

Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa Farfesa yana son ganinta. Ya haura tamanin, yana zaune a gidan 'yarsa, idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Ta shirya jakarta: takardar, ƙaramin gilashi, garin washi a ƙullin leda, da wani ɗan ɓalli na dutsen da sashen ya bar mata, wanda ta ƙi karɓa sai da aka ba ta izini a rubuce da sa hannu.

Ta same shi a baranda cikin farar riga, ya rame, hannayensa a kan gwiwa. Suka gaisa.

"Malama," ya ce, kuma bai taɓa kiranta haka ba. "Dakta ta karanta min abin da aka buga. Na so in ga ƙwayoyin nan kuma, amma kin ga yadda Allah ya yi da ni."

"Ranka ya daɗe, dama ba gani na roƙe ka ba."

Ta roƙi 'yarsa kofin ruwa. Ta ɗora gilashin a kan ɗan tebur, ta barbaɗa gari, ta jiƙa, ta kamo hannunsa na dama ta ɗora yatsunsa uku a kan ɓallin. Ruwan baƙin gari ya gangaro ya ɗiga a farar rigar, bai janye ba. Ya tura a hankali. Shuu, shuu, sannan ƙii. Hannunsa ya tsaya cak. Ya sake turawa, ya sake, kansa a sunkuye kamar mai sauraron magana daga nesa.

"Sau ɗaya," ya ce. "Abin da kika roƙe ni ke nan, sau ɗaya."

Ya ɗago kai ya juyo wajenta.

"Takardar nan da na rubuta, tana nan?"

"Tana jakata."

"Ba ni biro. Ki ɗora min hannu a kan wurin."

Ta shimfiɗa takardar, ta kai bakin biron farkon jimlar, ta sake shi. Ya ja layin da kansa. Da yake ba ya gani, layin ya fara daidai, ya karkace ya hau sama, ya sauko, amma ya bi ta tsakiyar kalmar sakaci. Ya lalubi gefen takardar ya sa hannu, babban yatsansa ya bar tambarin baƙin gari a kusa.

Ranar da za a sa ta a firam, tela ya ɗauko rula ya ce bari ya gyara layin ya miƙe, don shi karkataccen ɗinki yana hana shi sukuni. Ta karɓe rular ta mayar masa a aljihu, ta ce ya je ya nemo ƙusa.